Babi na Bakwai: Bindigar da Ke Harbi Gaba da Baya

Kalma ɗaya Bahaushe ya ba abin da bindiga ke yi da baki da abin da jaki ke yi da ƙafar baya: harbi. Na daɗe ina ɗaukar wannan a kan dacewar lafazi kawai, har ranar da na tsaya a wani filin koyon harbi da ke arewacin Pretoria, a Afirka ta Kudu, na ɗora bindigar ɓauna a kafaɗa. A ranar na yarda cewa wanda ya fara haɗa su a kalma ɗaya ya taɓa riƙe bindiga mai cin albarushi da yawa.

Watan Yuni ne, tsakiyar hunturunsu. Ciyawa ta bushe ta yi fari, itatuwan ƙaya sun zubar da ganye, ƙasa ja wur, sanyin safiya na shiga har ƙashi. In ban da yaren da ake yi, sai ka rantse a dajin Bauchi kake cikin watan Janairu. Filin ba wani abin kallo ba ne: rumfar kwano, tebura na siminti, sai tudun ƙasa da aka tara can gaba don ya tare harsashi. Dokar ƙasar ta yarda baƙo ya yi harbi da bindigar da ba tasa ba, muddin mai lasisinta na tsaye a kansa. Wanda ya tsaya a kaina wani dattijon Bature ne daga jinsin Buwa, ya haura sittin, ya yi shekaru yana jagorantar mafarauta a dazuzzukan Zimbabwe da Mozambik. Samarin wurin na ce masa "Oom", wato kawu a yarensu, ni ma sai na bi sahu.

Bai miƙo mini bindiga ba da farko. Harsashi ya sa mini a tafin hannu, ya ce in juya shi in san abin da zan tayar. Tsawonsa santimita tara da rabi, ya fi babban yatsana kauri, kwanson tagulla mai sheƙi. Sunansa .416 Rigby. Lambar nan faɗin ƙwayar ce a ma'aunin inci, wato milimita goma da rabi da 'yan kai. Ba na son abin da zan kwatanta shi da shi, amma ita ce bindigar da yau ko yaron ƙauye a Zamfara ya san sunanta: ƙwayar harsashin AK-47 nauyinta kusan giram 8 ne, wannan kuwa giram 26. Gudunsu kusan ɗaya, dukansu sun ɗan haura mita 700 a daƙiƙa guda. Gudu ɗaya, nauyi ninki uku, ka ga ƙarfin dukan ma ya haura ninki uku ke nan.

Girman kwanson shi ya fi ba ni mamaki, domin ya fi ƙarfin albarushin da ke cikinsa. Dalilin yana komawa ga zafin ranar Afirka. Lokacin da kamfanin John Rigby na Landan ya fito da wannan harsashi a 1911, albarushin da Ingilawa ke amfani da shi shi ne kodait, mai kama da siraran taliya. Kodait ba ya son zafi. Harsashin da aka gwada lafiya a sanyin Ingila, in ya sha rana a kwarin Zambezi, sai matsin da ke cikinsa ya hauhawa, kwanso ya kumbura ya maƙale a bututu bayan an harba. Maƙalewar kwanso a gaban takarda ɓacin rai ne kawai, a gaban ɓaunar da aka raunata kuwa ajali ne. Shi ya sa suka yi wa albarushin ɗaki mai faɗi don matsin ya sauka. An daina kodait tuntuni, amma ɗakin yana nan yadda aka gina shi.

Kafin kodait, baƙin albarushi ake yi da shi, irin wanda 'yan bindigar sarki ke ɗura wa adaka a hawan Sallah. Baƙin albarushi ba ya iya tura ƙwaya da gudu sosai, don haka hanya ɗaya ta ƙara ƙarfi ita ce a ƙara dalma. Frederick Selous, wanda ya yi farautar giwa a ƙasar da yau ake kira Zimbabwe a shekarun 1870, ya yi aiki da bindigar ɗure wadda dunƙulen dalmarta huɗu ke cika laba ɗaya, wato kowane ɗaya ya haura giram 110. Wata rana aka ɗura mata albarushi sau biyu bisa kuskure, ya ja kunama, ta yi jifa da shi ta tsaga masa kunci. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa dukan waɗannan bindigogi ya ɓata masa hannu a harbi har tsawon rayuwarsa. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Har siyasar mulkin mallaka ta bar tambarinta a kan waɗannan lambobi. A 1898 Rigby ya fito da .450 Nitro Express, ya zama harsashin manyan namun daji da kowa ke nema. Wajen 1907 sai Ingilawa suka hana shiga da harsashi mai faɗin .450 ƙasashen Indiya da Sudan, saboda tsoron kada ƙwayarsa ta faɗa hannun masu tawaye da ke riƙe da tsofaffin bindigogin soja ƙirar Martini-Henry, masu faɗin baki iri ɗaya. Maƙeran Landan suka kewaye dokar: wannan ya ƙara ɗan faɗi ya yi .465, wancan ya yi .470, wani ya yi .475. Aikinsu kusan ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Wato harsashin .470 da attajirai ke alfahari da shi a yau, tsoron jikokin mabiya Mahadi na Sudan na cikin abin da ya haife shi.

Sai Kawu ya buɗe akwati. Bindigar ƙirar CZ ce ta ƙasar Cek, mai sakata irin tsarin da Bajamushen nan Paul Mauser ya kammala a 1898. Ƙotarta ta goge ta yi duhu saboda gumin hannu. Nauyinta kilo huɗu da rabi, kuma da na ɗaga na ce ta yi nauyi, sai ya ce, "Za ka gode wa nauyin nan ba da jimawa ba." Ya ja sakatar ya nuna mini wata doguwar ƙugiyar ƙarfe a gefenta. Tun harsashi na fitowa daga gidansa ƙugiyar ke cafke gindinsa, ba ta saki har sai ta yar da kwanson. Ko a guje kake, ko ka faɗi rigingine, ko ka juya bindigar ƙasa sama, harsashin ba zai zame ba. Babu madubin hange a kanta. Abin saiti ɗan tsagi ne mai faɗi a baya da farar ƙwaya a gaba, domin aikinta ba na nesa ba ne. Ya ce mai sa madubi a irin wannan bindiga, in ya kai ido kusa, bakin madubin ne zai yanke masa gira.

Na nufi tebur zan zauna, ya girgiza kai. A zaune, jiki ba shi da inda zai ja, duk dukan a kafaɗa zai sauka. A tsaye kuwa jiki na lanƙwasa ya sha dukan kamar yadda gamba ke yi wa iska. Ya kafa mini gwafa, sanduna uku da aka ɗaure kansu, irin wadda mai bin sawu ke ɗauka a daji. Ƙafar hagu gaba, gwiwa a ɗan sake, nauyi a kan ƙafar gaba kamar mai shirin tura mota. Gindin bindiga a matse shi cikin lungun kafaɗa, kada a bar ko ɗan sarari, don sararin nan shi ke mai da turi ya koma naushi. Kunci a manne da ƙota. Na toshe kunne da roba, na ɗora wani abin toshewar a kai.

Lissafin abin da zai faru ba shi da wuya. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba, kwatankwacinsa ne ke turo bindiga baya. Giram 26 na dalma da tagulla, da hayaƙin albarushin da ke bin su, in suka fita da wancan gudu, bindiga mai kilo huɗu da rabi za ta dawo da saurin kusan mita shida a daƙiƙa. Ƙarfin dukan ya kai ninki uku na bindigar barewa ta .308. Duk na san wannan kafin in zo. Amma gani ya kori ji.

Hoton ɓauna ne a allo, girmanta na gaske, a tsaye ta ba da gefe, tazarar mita hamsin. Kawu ya ce in bi ƙafar gaba da ido in hau sama, in tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Nan zuciya take, da manyan jijiyoyin da ke kanta, da huhu. Na sa farar ƙwaya a wurin, na saki rabin numfashi, na matsa kunama a hankali.

Ban ji ƙarar a kunne kamar yadda na ji ta a haƙori da ƙirji ba. Bakin bindigar ya tashi sama, ɓaunar ta ɓace mini, na ga sararin sama, ƙafata ta baya ta ja taku guda ba da izinina ba. Ƙura ta tashi a tudun baya. Abin da ban zata ba shi ne babu zafi. Turi ne mai nauyi, kamar ƙaton mutum ya dafa kafaɗarka da tafin hannu ya hankaɗa. Ramin harsashin na nan daidai inda na sa ƙwayar, bai kauce da faɗin yatsu uku ba.

Na biyu ya sauka ƙasa kaɗan. Na uku ya ƙara sauka, ya kuma ja baya wajen ciki. Kawu bai ce komai ba. Ya karɓi bindigar, ya juya mini baya, ya ɗura ta da kansa ya miƙo. Na gyara tsayuwa, na auna, na ja kunama. Sai ƙaras, ƙarar ƙarfe kawai, babu wuta. Harsashin banza ya sa mini, marar albarushi. A cikin shirun nan na ga abin da ƙara da hayaƙi suka ɓoye mini sau biyu: idona ya rufe, kafaɗata ta zabura gaba don ta tari dukan da bai zo ba, bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kusan taƙi guda.

Wannan zaburar ita ce dalilin da ya sa na rubuta wannan babi. Harbin farko jiki bai san abin da ke tafe ba, shi ya sa ya tsaya cak. Daga na biyu ya koya, ya fara kare kansa tun kafin yatsa ya gama aikinsa, kuma ba ya shawara da mai shi. Ba ragwanta ba ce, ba kuma a maganinta da cika baki. Ita ce ta kama Selous, mutumin da ya tsaya gaban giwaye ba adadi. Maganinta a hankali ake sha: a yi ta jan kunama a kan bindiga marar harsashi har ido ya daina ƙyaftawa, a koma ƙaramar bindiga a yi ɗaruruwan harbi, babbar kuwa a taɓa ta sau biyar ko shida a bari sai wata rana.

Muka zauna a inuwar rumfa, ya zuba mini shayi daga fulas. Ya ce baƙin da suka fi ba shi tsoro a shekarunsa na daji su ne masu sauka daga jirgi da sabuwar bindiga mafi girma da kuɗinsu ya iya saya, ƙota ko ƙwarzane babu. Yana ganin yadda mutum ya ɗaga ta ya san tsoronta yake ji. Ya ce ya fi son wanda ya zo da .375 ta Holland & Holland, tsohon harsashin 1912, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da ƙasashe irin su Tanzaniya ke yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi, in dai mutumin ya saba da ita kamar yadda manomi ya saba da fartanyarsa. Ƙaramin harsashi a zuciya ya fi babba a tumbi.

Na yarda da shi, kuma tarihi na bayansa. Bell, ɗan Sikotlan da ake wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwaye 1,011, mafi yawansu da ƙaramar bindiga mai faɗin milimita 7, saboda ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Ina faɗin adadin nan ne da ɗacin rai, ba da sha'awa ba, domin giwa dubu ba abin kirari ba ce. Amma ya nuna cewa inda ƙwaya ta sauka ya fi girmanta muhimmanci.

To in haka ne, me ya sa ake ƙera manyan? Saboda ranar da abu ya ɓaci. Ɓauna, saniyar sake, namijinta na haura kilo 700. Haƙarƙarinta masu faɗi ne suna hawa kan juna, tushen ƙahonin namiji ya haɗe a goshi ya zama garkuwa. In aka raunata ta takan shige sarƙaƙiya ta jira, in ta taso kuma gudunta na kai kilomita 50 a awa. Daga mita talatin, daƙiƙa biyu ne da ɗan ɗoriya. A wannan lokaci ba a neman harsashin da zai kashe ta nan da minti biyar, ana neman wanda zai fasa ƙashi ya ratsa ya tsayar da ita a inda take. Shi ya sa harsashin iri biyu ne: mai taushin baki da ke buɗewa kamar lema a cikin nama, don harbin farko, da daskararre wanda ba ya lanƙwasa, don ratsa ƙashi. Wani Ba'amurke, Jack Lott, ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da .458 Winchester. Ya warke ya koma ya tsawaita kwanson don ya ci ƙarin albarushi, a 1971 ya fito da .458 Lott, wanda har yau jagororin farauta da yawa ke ɗauka. Kowace lamba a cikin waɗannan akwai jinin wani a bayanta.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sha'ani. Maharban Hausa da suka bi giwa har Adamawa da dazuzzukan Kamaru a ƙarni na 19 sun fuskanci matsalar da Selous ya fuskanta: adaka ba ta iya ratsa giwa da dalma. Sai suka warware ta ta wata hanya. Suka ɗura mata sango, gajeren mashi mai faɗin kai da aka shafe da dafi, su laɓaɓa har kusa su harba, sannan su bi sawu har dafin ya gama aiki. Fataken Hausa ne suka yi ta safarar hauren zuwa kasuwanni. Don haka in muka ga 'yan giwayen da suka rage mana a Yankari, kada mu ɗora wa Bature laifin shi kaɗai. Muhawarar ko a ci gaba da farautar kuɗi ko a hana, wadda Kenya ta yanke da hani a 1977, Botswana ta hana a 2014 ta sake buɗewa a 2019, na bar ta sai babi na gaba. Abin da na tabbata da shi a nan ƙarami ne: duk wanda zai ɗaga irin wannan bindiga a kan mai rai, dabbar na bin sa bashin mutuwa mai sauri.

Ba ita kaɗai ke bin sa bashi ba. A filin akwai wani tsoho baƙar fata ɗan ƙabilar Shangan, mutanen da suka yi suna wajen bin sawu a kudancin Afirka. Shi ke liƙe ramukan allo da takarda bayan kowane zagaye. Kawu ya ce shekara ashirin suka yi tare a daji. In baƙo ya raunata ɓauna, doka da al'ada sun wajabta a bi ta, kuma wanda ke gaba a wannan bi ba baƙon ba ne, ba ma jagoran ba ne. Mai bin sawu ne, a sunkuye, idonsa a ƙasa yana neman ɗigon jini a kan ganye, hannunsa babu komai sai gwafa. Launin jinin yake karantawa: ja mai kumfa na huhu ne, ba za a yi nisa ba, mai duhu da ɓarɓashin ciyawa na tumbi ne, ranar za ta yi tsawo. Littattafan farautar Afirka cike suke da sunayen Turawa da lambobin bindigoginsu, mutumin da ke taku biyar a gaban bakin bindigar kuwa sau da yawa ko cikakken sunansa ba a rubutawa.

Bayan shayi Kawu ya sa na ja kunama a kan bindiga wayam sau ashirin, yana tsaye a gefe yana kallon idona, ba allo ba. Sannan ya ba ni harsashi biyu, ya ce su ne na ƙarshe a yau. Ya ce in na harba kada in sauke ta daga kafaɗa don in ga abin da na yi, in ja sakata da ƙarfi har ƙarshe, in mayar, in sake aunawa, domin rabin ja shi ke cushe bindiga. Na farko ya shiga zuciya. Na biyu ya kauce kaɗan, amma yana cikin huhu.

Aka buɗe sakata, aka ajiye bindiga a tebur bakinta na kallon tudu, muka taka zuwa allon mu uku. Tsohon bai riga ya liƙe ramukan safe ba, ya bar su da gangan. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya ka gani?" Kawu ya fassara masa. Ya sa yatsa a ramin farko ya gyaɗa kai, ya nuna tazara da hannu, kamar daga nan zuwa rumfa: iyakar inda za ta kai ke nan ta faɗi. Ya taɓa na ƙarshe biyun, ya sake gyaɗa kai. Sai ya kai yatsa kan na ukun nan na safe, wanda ya sauka ƙasa ya ja baya wajen ciki. Ya ɗora tafin hannu ya auna tsakaninsa da zuciya, taƙi ɗaya da yatsu biyu. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya bi ta da hannu daga inda take har inda za ta faɗi, ya yi magana a hankali.

Kawu ya ce, "Ya ce wannan sai magariba, in an yi sa'a. In ba a yi ba, a kwana a dawo da asuba, shi ne a gaba."

Tsohon ya yago takarda, ya shafa mata gam, ya liƙe ramin, ya danna da babban yatsa har ta kama.